Kundin gajerun labaran kimiyya da Hausa: daga ina ake farawa?

Ɗiyar Funtuwa:

Assalamu alaikum, malamai da marubuta. Ina da gajerun labarai tara da na kammala, jimillarsu wajen kalma 24,000. Shida ƙagaggun labaran kimiyya ne: akwai na tafiya duniyar Mars, akwai na na'ura mai tunani, akwai na Arewa bayan shekara ɗari. Sauran ukun na zaman yau da kullum ne. Ina so in fitar da su da kaina. Shin ya dace in haɗa iri biyun a kundi ɗaya? Wa zan ba ya yi mini sharhi na gaskiya, ba yabo ba? Kuma in buga a takarda ne, ko in saki ta waya? Don Allah a yi mini bayani dalla-dalla.

Malamin Adabi:

Wa alaikumus salam, Malama. Maganar maɗaba'a ki ajiye ta tukuna, sharhi ne a gaba. Duba iri uku labari yake buƙata, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora wa mutum ɗaya duka ukun a zama ɗaya.

Na farko duban labari ne: jigo, zubi da tsari, taurari. Ki nemi mutum uku zuwa biyar waɗanda ba 'yan gidanku ba, a cikinsu har da wanda bai saba karanta labarin kimiyya ba. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce ya yi. Ki ba kowa takarda ya amsa abu huɗu a kan kowane labari: a wane shafi ya fara gajiya, ina ya rikice, me tauraron yake nema, kuma me ya sauya tsakanin farko da ƙarshe. Idan mutum uku suka tsaya a wuri ɗaya, matsalar a wurin take, ko da maganin da suka ba ki bai yi ba. Mai karatu ya iya nuna inda ke ciwo, amma gyaran naki ne. Idan kina kusa da wani reshe na ƙungiyar marubuta ta ANA, ki kai labari ɗaya zaman karatunsu ki karanta a bainar jama'a. Jimlar da ta sarƙe miki harshe a can, za ta sarƙe wa mai karatu ido.

Cutar da ta fi kama labarin kimiyya a hannun sabon marubuci ita ce lacca. Sai a buɗe da shafi biyu ana ba da tarihin yadda duniya ta lalace, aka yi yaƙi, aka ƙera kaza, tauraro bai ko motsa ba. A labari mai kalma 2,500 wannan ya cinye kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ki fara da mutum yana cikin wata buƙata, bayanin duniyar ya riƙa fitowa daga abin da yake yi. Matar da ke ƙirga katin rabon ruwa kafin ta ɗora tukunya ta gaya mana an shiga fari, ba sai an rubuta shekarar da ruwa ya ɗauke ba. Ƙanwar wannan cuta ita ce hirar da mutum biyu ke gaya wa juna abin da dukansu suka sani don mai karatu ya ji. Duk inda kika ga “kamar yadda ka sani” a bakin tauraro, ki ja layi.

Gajeren labari abin mamaki ɗaya yake ɗauka. Ki zaɓi ƙage ɗaya, ki bi shi har inda ya kai. Idan na'ura mai tunani ce ke raba gado a labarinki, to me alƙali zai yi, me malamin unguwa zai ce, wa za a kai ƙara idan ta yi kuskure? Wannan ya ishi labari. In kika ƙara jirgin sararin samaniya da tafiya zamanin da ya wuce a ciki, babu wanda zai samu wurin numfashi. Ki kuma raba aljani da kimiyya a ranki. Adabinmu cike yake da tsafi da aljanu, ba laifi ba ne, amma mai karatun labarin kimiyya yana jiran dalili da doka. Abin da na'urar ta kasa a shafi na 3, kada ta iya shi a shafi na 9 don kawai tauraro ya shiga tsaka mai wuya. Fagen ba sabo ba ne a Hausa, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, sai dai masu binsa ba su yi yawa ba, shi ya sa mai karatu zai fi sa miki ido.

Duba na biyu na harshe ne, na uku kuma na ƙa'idojin rubutu, shi ake yi a ƙarshe bayan an shirya shafuka. Wanda zai yi wannan ya san rabawa da haɗewa: “yana” da “tana” a haɗe, “za a” da “ba a” a rabe ba tare da wata alama a tsakani ba, “gidansa” a haɗe, “ya ba shi” a rabe. Sunayen na'urori da kika ƙirƙira ki jera su a takarda ɗaya da yadda ake rubuta kowanne, don kada abu ya zama “kumbo” a labari na 2 ya koma “jirgi” a na 6 alhali abu ɗaya ne.

Batun haɗa iri biyun: ni ina ganin a haɗa, in dai akwai zaren da ya ratsa su, kamar gari ɗaya ko damuwa ɗaya. Mafi ƙarfi ki sa shi farko, na biyu a ƙarfi ya rufe, mafi tsawo ya zauna a tsakiya.

Injiniya Mai Ritaya:

Malam ya gama magana a kan adabi. Ni kan lissafin zan yi magana, don a nan ɗalibin kimiyya na sakandare ma zai kama ki.

Tunda akwai Mars a ciki: saƙon rediyo daga nan zuwa can yana ɗaukar tsakanin minti 3 da minti 22 a tafiya ɗaya, gwargwadon inda duniyoyin biyu suke. Ke nan babu hirar waya ta “salamu alaikum, wa alaikumus salam” tsakanin Kano da Mars. Tambaya da amsarta za su iya cin minti 44. Kada ki ɗauki wannan cikas, kayan labari ne: uwa ta aika saƙo tana jinya, kafin amsa ta iso komai ya iya faruwa. Wata kuwa kusa yake, daƙiƙa ɗaya da 'yan kai ne, ana iya hira da ɗan jinkiri.

Tafiya Mars da irin kumbon da ake da shi yanzu wata 6 zuwa 9 ce, kuma damar tashi tana zagayowa ne kusan duk wata 26. Wanda ya je ba zai ce gobe zai dawo biki ba. Nauyin mutum a can kashi 38 cikin 100 ne na nauyinsa a nan, a Wata kuma kashi ɗaya cikin shida. Yinin Mars awa 24 ne da kusan minti 39. Iskarta siririya ce ƙwarai, mafi yawanta iskar da muke fitarwa ce in mun yi numfashi, ba mai cire hular kariya a waje ya rayu. A sararin da babu iska kuma sauti ba ya tafiya, don haka fashewar da aka “ji ƙararta” daga wani kumbo kuskure ne da finafinai suka koya wa mutane. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, haske ma sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya isa. In taurarin labarinki za su je can cikin mako guda, ki san kin karya doka, ki ba karyawar suna da iyaka, ki tsaya a kansu.

Abin da marubucin Turai ba zai damu da shi ba, naki mai karatun zai tambaya: ya ake salla? Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaye duniya cikin kusan minti 90, rana na fito wa waɗanda ke cikinta sau 16 a yini. Da ɗan Malesiya Sheikh Muszaphar Shukor zai tafi can a 2007, tafiyar ta faɗo cikin azumi, sai da hukumomin addinin ƙasarsu suka fitar da jagora a kan alƙibla da lokutan salla da azumi. Ki nemi wannan bayani ki karanta, ki kuma tuntuɓi malami kafin ki sa hukunci a bakin tauraro.

Na Arewa bayan shekara ɗari, ki gina shi a kan abin da ya riga ya fara. Tafkin Chadi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, daga baya ya ja baya ƙwarai. Wuta mai aiki da hasken rana ta shiga ƙauyuka, kuma duk mai ita ya san ƙurar hunturu na rage mata ƙarfi, batir kuma shi ke fara mutuwa. Garin gobe da babu mai share faifan sola, babu mai gyaran batir a bakin kasuwa, ba zai gamsar da kowa ba.

Ɗan Maɗaba'a:

Hajiya, ga lissafin takarda. A girman A5, wato milimita 148 da 210, da harafi mai girman 11 ko 12, shafi yana cin kalma wajen 300. Kalma 24,000 shafi 80 ke nan. Ki ƙara shafin suna, na haƙƙin mallaka, sadaukarwa, ƙunshiya, da guraben da ke ragewa tunda kowane labari sabon shafi yake buɗewa, za ki tashi wajen 92 zuwa 96. Ki tsayar a 96. Dalili: injin babban bugu yana buga shafi 8 ko 16 a babbar takarda ɗaya a naɗe, 96 kuma 16 sau 6 ne cif. In kika kawo 98, kin jawo kuɗin ƙarin farantin bugu da takarda saboda shafi biyu.

Ɗinke littafi da wayar ƙarfe a tsakiya yana yin kyau har wajen shafi 60 zuwa 64. Fiye da haka littafin ba ya rufuwa, shafukan tsakiya suna turowa waje, wuƙa ta cinye musu gefe. Naki na gam ne. Shafi 96 falle 48 ne, a takarda mai nauyin giram 80 kaurin ƙashin bayan zai kai wajen milimita 5, a giram 70 ya ɗan gaza haka. Wannan siriri ne, in za a rubuta suna a kai harafin ya zama ƙarami, don in naɗin ya goce da milimita ɗaya rubutun zai hau bango. Mai zanen bango kada ya fara sai an tsayar da yawan shafi da irin takarda. Ta ɓangaren gam ki bar gefe milimita 18 zuwa 20, sauran gefuna 15, in ba haka ba sai an tanƙwara littafi kafin a karanta farkon layi, daga nan shafuka su fara zubewa.

Takardar jarida ta fi araha, amma tana yin ja cikin 'yan watanni, rubutun baya kuma yana lekowa. Bango kati mai giram 250 zuwa 300, a sa masa leda. Hoton bango ya zama 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, launi a tsarin CMYK na tawadar maɗaba'a, a bar rarar milimita 3 kowane gefe saboda yanka. A nan masu labarin kimiyya suke shan mamaki: shuɗi da shunayya masu ƙyalli da ake gani a waya ba sa fitowa haka a tawada, sai su dushe, baƙin sararin samaniya kuma ya fito toka-toka in baƙar tawada kaɗai aka sa. Ki ce a yi miki gwajin bango ɗaya ki gani da idonki kafin a saki inji. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, bai bugawa, a turo shi a matsayin fayil.

Kada ki kawo mana fayil ɗin Word. Kwamfutarmu in ba ta da irin harafinki za ta musanya, shafuka su goce, ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna. Ki mayar PDF da harafin a cikinsa, ki buga kwafi ɗaya a firinta ki bi shi da jan biro, ki sa hannu a kan wanda aka amince.

Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a Najeriya daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, lamba 13 ce, kuma bugun takarda da na waya kowanne da tasa. Doka ta ce mai ɗab'i mai zaman kansa ya ajiye musu kwafi 3. In a Kano za ki sayar, ki san Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i tana da hurumi a kan littattafai, ki bi ta kansu tun kafin kaya su shiga kasuwa.

Yawa kuma: kwafi 50 zuwa 200 a yi bugun dijital, kowane kwafi da tsada amma babu kuɗin faranti. Babban inji sai daga 500 zuwa 1,000 yake fara biya. Farashi ki haɗa duk abin da kika kashe, har kuɗin mai tacewa da mai zane da mota, ki raba da yawan kwafin da za ki sayar, ban da na kyauta da waɗanda suka lalace. Sannan ki tuna mai shago yana da kasonsa, kuma yawanci sai ya sayar yake biya. Duk wanda kika ba kaya, a rubuta yawa da rana, ya sa hannu.

Uwar Marubuta:

Ɗan Maɗaba'a ya faɗi gaskiyar sana'arsa, amma ƙanwata, ni ban ga dalilin fara zuba kuɗi a takarda ba. Masu karatun Hausa yanzu a waya suke, a WhatsApp da Wattpad da Facebook da manhajoji irin ArewaBooks. Kuma kasuwar ta saba da dogon labarin soyayya mai fita kashi-kashi. Gajeren labarin kimiyya sai kin gwada kin ga masu shi.

Kafin ki saki komai, ki ware wanda za ki kai gasa. Yawancin gasa ba sa karɓar labarin da ya riga ya fita, kuma sakawa a Facebook ko zauren WhatsApp fita ce. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta mata ce zalla, tsawon da suka saba nema kalma 1,000 zuwa 1,500. Labaranki sun kai wajen 2,600 kowanne, sai an yi aski mai yawa, kuma ki karanta sharuɗɗan shekarar da kanki. In kina da mai fassara miki zuwa Turanci, mujallar Omenana tun 2014 take buga irin waɗannan labarai na marubutan Afirka.

Bayan haka ki saki biyu kyauta, cikakku, ba rabi ba. Labarin da aka yanke a tsakiya aka ce a biya kuɗi yana aiki a dogon littafi, a gajere haushi yake ba mutane. A ƙarshen kowanne ki sa hanyar sayen kundin. Ki lura da waɗanda suka biya, ba masu cewa “Allah ya ƙara basira” ba. Yawan masu biya shi zai gaya miki kwafi nawa za ki buga.

PDF ɗin A5 da aka shirya don maɗaba'a wahala ne a waya, sai an yi ta ja da yatsa. Ki yi na waya daban, ko dai EPUB, wanda rubutunsa ke bin girman allo, ana haɗa shi kyauta da Calibre ko Sigil, ko PDF mai ƙaramin shafi da babban harafi. Da yawa ba su da manhajar buɗe EPUB, don haka ki tanadi biyun. Nauyin fayil kada ya wuce megabait 2, saboda data. Ki gwada a ƙaramar waya mai araha, ba taki kaɗai ba.

Sata kuwa za a yi, kada a ruɗe ki. PDF ɗaya da aka saya zai iya zagaye zaure goma kafin magariba. Sa sunan mai saye a ƙasan shafi yana ragewa, karatu a cikin manhaja ya fi tsaro amma suna cire kasonsu. Haƙƙin mallaka naki ne tun ranar da kika rubuta, kuma dokar Najeriya ta 2022 ta ba shi tsawon rayuwar marubuci da shekara 70 bayansa, sai dai bin ɓarawon zaure aiki ne. Ki ajiye asalin fayilolinki da lambobin masu sayenki a hannunki. OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023, wanda duk kasuwarsa ke can sai da ya koma farawa. Akwai Amazon, amma mai karatunki na Gusau ko Maraɗi ba da dala yake sayen littafi ba. Tura kuɗi ta banki ko shafi irin Selar ya fi kusa da shi.

A batun haɗawa kuma na saɓa da Malam. A waya ki raba su. Wanda ya biya don kumbo ya tarar da rikicin kishiyoyi zai ce an yaudare shi. Shidan su fita da sunansu, ukun su jira 'yan'uwa.

Ɗiyar Funtuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura abu ɗaya. Huɗu daga cikin labaran da wani tsohon harafin Hausa aka buga su a kwamfuta, in na kwafa zuwa waya sai “ƙasa” ta koma “qasa”, “ɗaya” ta koma “xaya”. Sai na sake bugawa ne?

Ɗan Maɗaba'a:

A'a, Hajiya, aikin minti goma ne. Tsofaffin haruffan nan dabara aka yi musu: an zana ƙ a gurbin q, ɗ a gurbin x, ɓ a gurbin v, wasu kuma a gurbin alamomi irin } da ] da ~. A ido Hausa ne, a cikin kwamfuta kuwa q ɗin na nan. Ki yi kwafin fayil ɗin tukuna. A Word ki danna Ctrl da H, ki kunna zaɓin bambanta babban baƙi da ƙarami, ki musanya sau shida: q zuwa ƙ, Q zuwa Ƙ, x zuwa ɗ, X zuwa Ɗ, v zuwa ɓ, V zuwa Ɓ. In ba ki kunna zaɓin ba, manyan baƙaƙen farkon jimla za su rikice. Sannan ki bi sunayen waje da ke da waɗannan baƙaƙe na asali, labarin kimiyya ba ya rasa su, don Venus za ta koma Ɓenus.

Daga nan ki sa wa rubutun duka harafin da ke da baƙaƙen masu lanƙwasa na gaskiya, kamar Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif, duk kyauta ne. Ki duba rubutun tsutsa da mai kauri daban, wani harafin yana da ƙ a tsaye amma in aka karkata shi sai ya aro daga wani, ya fito ya fi sauran girma. A waya Gboard yana da allon Hausa. Ki kuma zaɓi ɗaya tsakanin 'y da ake rubutawa a Najeriya da ƴ ta Nijar, ki bi shi daga bango zuwa bango. In 'y kika ɗauka, ki lura Word yana juya alamar ta fuskanci baya idan ta zo a farkon kalma, kamar a 'ya'ya da 'yan, sai an bi an gyara su da musanya ta bakwai.